Ado a Tsohon Soro Ba Tare da Ƙusa Ba

Zancenmu na wannan mako a kan bango ne, watau bangon tsohon ɗaki na ƙasa, irin wanda da yawa daga cikinmu muka buɗe ido muka gani a gidajenmu na Gaya da Ajingi, da Kademi da Toranke da sauran garuruwan wannan yanki.

Kun dai san abin da ke faruwa yanzu. In an sa ranar yarinya, aka ce a tsohon soron gidan su ango za ta tare, nan da nan sai ki ga dangin amarya sun ɓata fuska. Wata gwaggo ta ce, "Haba, Yaya, 'yar tamu da iliminta za a kai ɗakin kakanni?" Daga nan sai a tasa yaro gaba, a ce lalle ya rushe soro ya yi na bulo da kwano. In ba shi da hali, ko dai a ɗaga biki, ko kuwa ya ci bashin da zai daɗe yana biya, amarya tana ciki tana shan ɗacinsa tare da shi. Nauyin ɗaki da kayan ɗaki ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan. Shi ya sa tun 2012 Gwamnatin Jihar Kano ta soma auren gata ta hannun Hukumar Hisba, har a watan Oktoba na 2023 aka aurar da mata 1,800, gwamnati ta ba su gado da katifa. To, in ɗakin da ke tsaye lafiyarsa ƙalau, me zai sa a ƙara wa kai kaya?

Ni dai a ganina soron ƙasa mai lafiya ba abin rainawa ba ne. Bangonsa ya kan kai ƙafa 2 ko fiye a gindi, saboda haka zafin rana ba ya ratsa shi da wuri. Cikin bazara, sa'ad da mai ɗakin kwano ke gudu gindin darbejiya da tsakar rana, mai soro tana kwance abinta. Da hunturu kuma ɗumi gare shi. Wadda ta taɓa shiga Gidan Makama a birnin Kano, wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne (1463 zuwa 1499), ko Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Baturen nan da ya kawo makarantar boko Kano ya zauna, ta ga baƙi daga nesa suna ɗaga kai suna kallon rufi kamar ba za su fita ba. Irin wannan gini ne mu ke da ƙanensa a gidajenmu. Mu kuwa mutanen Gaya ba baƙin tsufa ba ne, gama masu tarihi sun ce maƙerin da birnin Kano ya ci sunansa daga Gaya ya tashi, ya tafi gindin Dala neman tama. Abin da ke tsofar da ɗaki a ido, sau da yawa, mu ne muka yi wa bangon da hannunmu.

Dubi bangon ɗakin wata uwargida da ta shekara goma da aure. Ga ƙusar agogo, ga ta madubi, ga ta kalanda, ga ta hoton biki, ga kuma ramuka fiye da ƙusoshin, domin kowace ƙusa sai da aka gwada ta wuri biyu ko uku kafin ta tsaya. Ƙusa ba ta kama ƙasa yadda ta ke kama katako. Kowane bugun guduma yana girgiza yaɓe, ya ɓamɓaro wani abu. Bayan 'yan watanni ƙusar ta yi lako-lako, a cire ta a matsa gaba kaɗan. Ba a daɗe ba bango ya koma kamar fuskar wanda ya yi agana. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa har da kyankyaso da tururuwa, wani lokaci da kunama. In an yi wa bangon ƙasar shafen siminti, abin ya fi muni, gama simintin nan ɓawo ne kawai a kan ƙasa, bai kama ta sosai ba. Ƙusa ɗaya ta isa ta tsaga shi, wata rana ya zubo faifai guda.

Ba mu kaɗai muka gamu da wannan wahala ba. A Ingila, zamanin Sarauniya Bitoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, bangon cikin gida da siraran itatuwa a ke yinsa, a shafe da kwaɓin farar ƙasa. Shi ma ba ya son ƙusa, da an buga sai ya tsage. Mutanen lokacin kuwa masu son hotuna ne ƙwarai. Sai kafintocinsu suka yi dabara: a kafa siririn katako a jikin bango, ya kewaye ɗaki, daidai saman ƙofa. A bisa katakon akwai ɗan kwari, sai a ɗora masa ƙugiya ta tagulla mai lanƙwasa biyu, ɗaya ta kama katako, ɗaya ta riƙe igiyar hoto. In mace ta gaji da ganin hoto a nan, sai ta ja ƙugiya ta kai shi can, bango bai san an yi ba. Turawan mulki sun zo da wannan al'ada, ana ganin katakon a waɗansu tsofaffin gidajen gwamnati na zamaninsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mutanen Ingila suka ce abin ya tsufa, da yawa suka ɓamɓare nasu. Ga shi yau masu tsofaffin gidaje a can suna biyan kuɗi a mayar musu da shi, gidajen da a ke nuna zane-zane kuma da irinsa na ƙarfe su ke aiki. Ni maratayi na ke ce masa, shi kuma zan ci gaba da kiransa.

In kin lura, dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu ba su san bugun ƙusa a bango ba. Ƙwaryar nono ragaya ke riƙe ta, fitila tana da alkukinta da magini ya ƙwaƙule tun ran gini, tufafi a kan gora a ke sagala su, burgami da linzami kuma a turken da aka dasa tun ƙasa tana ɗanya. Kowane abu an yi masa mazauni sau ɗaya, an gama. Maratayi ɗan'uwan waɗannan ne.

Farko dai sai katako. Ki ce wa kafinta ya tsaga miki mai faɗin inci 2, kaurin inci 1, ya goge shi sumul, ya fitar masa da kwari a sama inda ƙugiya za ta zauna. Kada ya cika masa ado. Wanda aka yi wa gwaɗa-gwaɗan zane shi ke fara gundurar ido, kuma ƙura ta fi maƙalewa a cikinsa. Maɗaci ya fi, domin gara ba ta cika son ɗacinsa ba. Darbejiya ma tana yi in ta bushe sarai. Farin katakon nan mai sauƙin kuɗi da a ke yin akwati da shi, kada ki yarda, abincin gara ne. Ko wanne aka samu, lalle ya zama busasshe, gama ɗanyen katako in ya bushe a jikin bango sai ya karkace. A shafe shi da maganin gara, musamman bayansa, a bar shi a inuwa kwana bakwai warin ya fita kafin a shigo da shi ɗakin kwana.

Kafawar ita ce wurin da a ke kuskure. Idan kafinta ya zo da guduma da dogayen ƙusoshi zai buga katakon kai tsaye a bangon ƙasa, ki dakatar da shi, aikin ba nasa ba ne tukuna. Magini a ke fara kira. Zai haƙa 'yan ramuka a jere, tsakanin kowane biyu kamar ƙafa 2, zurfin kowanne inci 5 ko 6. Cikin kowane rami ya sa guntun itace mai tauri, wanda gindinsa na ciki ya fi bakinsa na waje faɗi, don kada nauyi ya zaro shi. Sa'an nan ya cike da ƙasa wadda ta sha kwaɓi da ciyawa, ya daidaita bakin itacen da fuskar bango. A bar shi mako biyu ya bushe. Bayan haka ne kafinta zai zo ya ɗaure katakon a kan waɗannan itatuwa da sukuru, murɗawa kawai, ba bugu. Mai bangon bulo ita nata da sauƙi, a huda da inji a sa 'yan robobin nan, a murɗa.

Amma fa akwai wurin da ba a taɓawa ko kusa. In soronki mai bakan gizo ne, ko ɗaurin guga, ki sani cikin bakan nan azara ce a ɗaure, ita ke riƙe da rufin duka. Ba a haƙa ta, ba a huda ta. Maratayi ya tsaya kafin ya kai bakan, ya sake tashi a bayansa. Haka kuma in akwai zanen magini a bango, dagi ko wani abu, kada katako ya ratsa ta kansa. Ba dole ba ne maratayi ya kewaye ɗaki kamar na Turawa. Bango biyu sun isa, wani ɗakin ma ɗaya. Kuma tun da yawancin irin waɗannan ɗakuna a gidan gado su ke, kafin a sa wa bango ƙarfe sai ki shawarci Maigida, shi kuma ya gaya wa manya. Wannan ya fi a ce amarya daga zuwanta ta soma fasa gida.

Kada ki auna tsawo daga ƙasa. Daɓen tsohon ɗaki ba ya zama daidai, wani gefen ya fi wani tudu, in kika bi shi katako zai fito a karkace. Magina suna da dabara mai kyau, wadda 'yan makaranta za su gane daga darasin kimiyya. A sami siririn tiyo wanda a ke ganin cikinsa, a zuba ruwa, mutum biyu su riƙe bakunan a jikin bango. Duk inda ruwan ya tsaya a wannan baki, daidai nan ya ke a wancan, ko da tsakaninsu faɗin ɗaki ne. A yi alama da alli, a ja zare tsakani. Game da tsawo kuwa, ƙafa 6 da rabi zuwa 7 ya yi. Ƙofofin mutanen dā gajeru ne, saboda haka in ƙofarki irin ta sunkuyo ce, kada ki bi samanta, ki ɗara. A soro mai kumburin rufi, maratayi ya zauna ƙasa da inda bango ya fara lanƙwasa.

To, yanzu ga ainihin maganar. Yaya za a yi katakon nan kada ya mai da ɗakin amarya kamar ofishin wani tsohon alƙali?

Abu na farko da ke kawo wannan kama shi ne igiya. Mutanen dā su kan ɗaura igiya ɗaya mai kauri a kunnuwan hoto biyu, su sagala tsakiyarta a ƙugiya ɗaya, sai ta tashi kamar jinkar ɗaki. In hotuna biyar ne, ga jinka biyar a bango, ido ya rasa abin da zai kalla, hoto ko igiya. Ke ki ba kowane hoto ƙugiya biyu da igiya biyu, kowace ta sauko a miƙe. Ya fi kyaun gani, kowace igiya rabin nauyi ta ɗauka, kuma hoton ba ya karkacewa in an bugo ƙofa. Ki nemi siririyar waya, ko zaren roba mai ƙarfi irin na masunta, wanda daga nesa ba a ganinsa. In kuwa kina son a ga igiyar, to, a gan ta da gaske: kirtanin auduga fari, ko wanda aka rina da shuni, amma iri ɗaya a ɗakin duka.

Sai sunkuyo. Kin san hotunan nan da a ke ratayewa can kusa da rufi, kansu ya rabu da bango suna leƙo mutane kamar za su faɗo? Abin da ke jawo haka, an kafa zoben igiya a tsakiyar bayan firam. A mai da zoben sama, kamar yatsu uku daga bakin firam, sai hoto ya kwanta. Kuma ki sauko da shi. Amfanin maratayi ke nan, katako yana sama, hoto kuwa ya sauko inda ido ya ke. Masu gidajen nuna zane su kan sa tsakiyar hoto kamar ƙafa 5 daga ƙasa, domin baƙinsu a tsaye su ke kallo. Mu baƙinmu a zaune su ke, a tabarma ko bakin gado ko kujera. Saboda haka ki rage kamar taƙi ɗaya. Ki zauna inda baƙuwa za ta zauna, wata ta riƙe miki hoton tana sassautowa, har ki ga ba sai kin ɗaga wuya ba. Sai dai mai yaro ɗan tatata ta tabbata hannunsa ba ya kaiwa.

Yawa shi ne babban ciwonmu, kuma na san a nan za mu saɓa da waɗansu. Mun saba ɗaukar cewa bangon da ba a rufe shi da kaya ba alamar rashi ne, har a ce iyayen yarinya ba su yi ƙoƙari ba. In akwai abokiyar zama kuwa, sai abin ya koma gasa, ta rataya biyar ki rataya bakwai. Ni kam ban ga ɗakin da yawan rataye ya ƙara wa kwarjini ba. Hotuna uku masu firam iri ɗaya, gindinsu a layi ɗaya, tsakaninsu faɗin yatsu huɗu, sun fi goma sha biyu da aka watsa ko'ina. Sauran ki adana a akwati. Da ƙaramar salla ki sauke waɗannan ki hau da waɗancan, da babbar salla ki sake. Duk wadda ta shigo sai ta ce an yi sabon jere, alhali ko kwabo ba ki kashe ba. Kalandar shekarar da ta wuce, da furen roba da ya sha ƙura ya koɗe, da katin gayyatar bikin da har an yi suna, waɗannan a sallame su.

Launi kuma yana da nasa aiki. In kina son katakon ya ɓace, ki shafa masa launin bango. In kina son ya fito, ya ɗauki launin ƙofa da taga, don ya zama kamar tare aka yi su. Abin da na fi so a soro shi ne daga maratayi zuwa rufi a shafe da farar ƙasa tas, gama tagogin soro ƙanana ne, farin yana mayar da haske cikin ɗaki, da dare ma fitilar sola ɗaya sai ta wadatar. Daga maratayi zuwa ƙasa a sa launi mai sanyi guda ɗaya. Fentin mai, mai ƙyallin nan, bai dace da bangon ƙasa ba. Yana toshe shi, laima ta rasa hanyar fita, fentin ya kumbura ya yi ta saɓulewa.

Ba hoto kaɗai a ke ratayewa ba, a nan ne ma tsohon ɗaki ya fi sabo sa'a. Ki tuna yadda jere ya yi ta sakewa. Kakannin kakanninmu ƙore da akusa suka jera. Aka zo zamanin tasoshi, har a kan liƙa su a bango da ƙasa, magina kuma su dasa ɗaya a tsakiyar rufin soro. Sa'an nan kwanuka masu fenti suka shigo daga Turai da Hongkong, daga baya wajen 1960 aka soma ƙera su a nan Nijeriya, ɗakuna suka cika da langa da kwalla da fanteka da samira a kan kanta. Kabad ya zo ya ture kanta, shogilas ya ture kabad. Kowane zamani yana yi wa na bayansa dariya, wanda mu ke taƙama da shi yau ma 'ya'yanmu za su yi masa. Saboda haka kada ki ji kunyar kayan Inna. Ki zaɓi tasa uku ko biyar daga cikin nata, masu launi da ya jitu, maƙeri ya lanƙwasa miki waya mai yatsu uku ta kama bakin kowace, ki rataya su a layi. Faifai masu rini ma haka, ko guntun saƙi da aka ɗinke wa baki aka zura wa sanda. Wadda ke son ƙaramin jere sai kafinta ya ɗora wani katako mai faɗin inci 4 a bisa maratayin bango ɗaya, da ɗan leɓe a gaba don kada kaya su zame, ta jingina farantai. A kasuwar Wudil ta ran Juma'a ba a rasa faifai da ƙananan tukwane da za su dace da wannan.

Allon saukarki mai zayyana shi ya fi cancantar wuri mafi daraja. A ba shi bango nasa, sama da kome, inda ba a miƙe ƙafa a nufe shi. Batun hoton mai rai kuwa, kun san malamai sun yi maganganu, waɗansu sun tsananta, waɗansu sun sassauta game da na kyamara. Wannan ba fagena ba ne, kowace ta bi abin da Maigida da malaminsu suka tsaya a kai. Wadda gidansu ba a rataya hoton mutum, ga allo, ga hoton Ka'aba, ga saƙa, ga madubi, maratayi bai rasa aiki ba. Abin da na sani ba a jayayya a kansa shi ne kada a cika bangon alƙibla da abin da zai ɗauke hankalin mai salla.

Barin bangon gabas a sake yana da wani amfanin kuma. A ƙasarmu hadari daga gabas ya ke tasowa, bangon nan shi ke shan dukan ruwa, shi ya fi riƙe laima cikin Agusta. Laima kuwa ita ce ajalin hoto. Ko a sauran bangaye, ki liƙa ɗan guntun roba a kusurwa biyu na ƙasa a bayan firam, don ya ɗan rabu da bango iska ta riƙa ratsawa. Kada hoto ya manne da gilashi, a sa masa kwali mai taga tsakani, in ba haka ba damina ɗaya sai ya liƙe, ran da aka zo cirewa fuskar ta biyo gilashin. Hoton Baba ko na Kaka wanda babu wani irinsa a duniya, kada ki rataya shi, kada kuma ki kai a manne shi cikin leda da zafi, gama ba ya fitowa kuma. Ki ɗauke shi da waya, a wanko miki sabo ki rataya, na asalin ya zauna cikin takarda a ƙasan akwati. Hasken rana ma yana cin launin hoto, sai a kauce wa inda ya ke faɗowa daga taga. Da hunturu ki riƙa sauke su kowane mako biyu ki kaɗe bayansu, nan zanzaro ke gini, nan tsaka ke ajiye ƙwai. In za ki goge gilashi, tsumma za ki jiƙa, kada ki zuba ruwa a kansa ya gangara ciki. Kaskon turaren wuta kuma a nisanta shi, hayaƙinsa yana dusashe gilashi da farin bango.

Kada fa wata ta ɗauka cewa ina nufin kowane tsohon ɗaki a rufe ido a shiga. Ba mu manta da daminar 2022 ba, sa'ad da ruwa ya rushe ɗaruruwan gidaje a ƙasar Ajingi, har aka yi hasarar rayuka. Ɗakin ƙasa yana son kulawa kowace shekara: a yi masa yaɓe, a gyara indararo, a tabbata ruwa ba ya kwanciya a gindin bango. In kin ga tsaga wadda yatsa ke shiga, ko azara ta yi ciki, ko gindin bango ya zaizaye, maganar ado ta tsaya sai magini ya duba. In ya ce ɗakin ya gama, to, ya gama, a nan gwaggo ta yi gaskiya. Haka nan babban madubi da agogo mai nauyi, kada a rataya su bisa kan gado ko inda a ke shimfiɗe jariri, kome ƙarfin maratayin.

Ku kuma 'yan makaranta, ba sai kun jira aure ba. A kwalejin horon malamai an koya mana kafa irin wannan katako a aji, don rataya taswira da zanen darasi, a sauke na wannan mako a sa na gobe. Guntun katako mai tsawon ƙafa 4 a ɗakin Inna ya ishe ki rataya jadawalin karatunki, da taswirar Jihar Kano da kika zana, da ɗinkin hannun da kika ci maki da shi. Ku ne ma za ku riƙe wa magini tiyo, ku yi wa Inna lissafin itatuwa nawa za a dasa a bango mai ƙafa 12 in tsakaninsu ƙafa 2 ne. Wadda ta ce 6, ta sake ƙirgawa. Matan ma'aikata da ke zaman haya a Gaya su ma abin ya shafe su, gama rigimar mai gida da ɗan haya ran tashi sau da yawa a kan ramukan bango ce. A nemi izninsa tun farko, a nuna masa katakon zai zauna ya bar masa.

Lokacin wannan aiki rani ne, bayan an gama kaka, sa'ad da ƙasa ke bushewa da sauri, magina kuma ba su tafi gona ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka in bikin bayan salla ne, a kira magini wata guda kafin nan, don itatuwan su kama, farar ƙasa ta bushe, warin magani ya fita. Maƙeri ya yi ƙugiyoyi kamar 20, a gwada ɗaya a kwarin katakon kafin ya ƙera sauran. Ran jere kuma uwar amarya ta sa wata babba cikin 'yan jere ta karɓe guduma tun daga zaure, ta miƙa musu ƙugiyoyin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.